Gahawar Neman Auren Anud

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga yayarka Wasfiyya 'yar Awwad, a ƙauyenmu na gefen Karak, zuwa ga ƙanena Ayid, Abu Lais, a ƙasar Jamus.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ummu Lais da yara. Allah ya tsare ku daga sanyin ƙasar nan, ya albarkaci nemanku, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan muna godiya ga Allah. Ruwa ya yi jinkiri bana amma ya zo, alkama ta yi kyau. Ɗana Rakan ya samu aiki a tashar jiragen ruwa ta Akaba, yana zuwa ƙarshen mako. Baffa Salama yana nan da ciwon gwiwarsa, gwiwar ta hana shi zuwa gona amma ba ta hana shi zuwa inda ake gardama ba. Na ba ɗan gidan Abu Sa'ud wannan takarda tare da man zaitun da garin za'atar na ci da burodi. Man na gonar Yaya Miflih ne, kada ka raba wa abokanka na masana'anta kamar yadda ka yi da na bara.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali duk Juma'a muna magana ta waya. Dalili shi ne wayar nan ƙarya take yi maka, mu kuma muna taya ta. Duk sanda ka kira sai a miƙa wa Yaya Miflih, ya tambaye ka sanyi, ya yi maka tsiya cewa Jamusawa sun aske maka gashin baki, ka yi dariya ka ce alhamdu lillahi Yaya ya warke. Ba ka lura cewa kullum a daidai nan ake karɓe wayar ba? Wannan ɗan lokacin shi ne iyakar abin da yake iya riƙewa. Sauran yinin kuma shi ne zan ba ka labari, domin akwai abin da nake nema a wurinka, kuma ba zan iya nemansa kana cikin duhu ba.

Tun ranar da tsani ya zame da shi a gonar zaitun bara, goshinsa ya bugi dutse, abin da muka roƙa shi ne ya farka. Ya farka. Ƙafarsa ta dawo, maganarsa ta dawo, har sunayen kakanninmu yana jero su babu tuntuɓe. Abin da bai dawo ba shi ne ƙoshi. Likitar da ke duba shi ta faɗa mana tun muna asibiti cewa bugun ya taɓa wurin da ke gaya wa mutum cikinsa ya cika, da wurin da ke riƙe wa mutum harshe da hannu. Mun ji, mun gyaɗa kai, amma wa ya saurara? Mutum ya dawo daga bakin kabari yana neman abinci, ai mu a wurinmu wannan ita ce lafiyar. Maƙwabta suka yi ta shigowa da farantai, matarsa Tamam ba ta sauke tukunya, ni kaina ina zaune a gefensa ina cewa ci Yaya, ƙara wannan, don Allah ka ɗauki wancan. Ka san mu, ba mu iya nuna ƙauna ba sai da cokali. Watanni muka yi a haka muna murna, kuma duk sanda na tuna su sai raina ya ɓaci, don a lokacin ne da mun kama abin da sauƙi.

Ayid, yayanka yakan ci ya wanke hannu, ya juya ya tambayi Tamam yaushe za a ba shi abincin rana. In ta ce yanzu ka ci, sai ya ce mata maƙaryaciya, ya ce tana ɓoye wa 'yan'uwanta abincin gidansa. Tamam, wadda shekara talatin bai taɓa ɗaga mata murya ba. Mun same shi yana cin ƙullun burodi ɗanye, mun same shi da gwangwanin sukari yana ɗiba da hannu. Rigunansa duk sun matse shi, ciwon sukari ya kama shi. Abin da ya fi tsorata mu ya faru a zaman makokin mahaifiyar Abu Sa'ud. An kawo mansaf, shinkafa da naman rago a babban faranti, maza sun kewaye farantin, dattawa ba su ko yi bisimilla ba sai ya kai hannu ya damƙi tsokar nama ya tura baki gaba ɗaya. Ta maƙale masa a wuya. Ɗansa Nayif ne ya riƙe shi ta baya yana matsa masa ciki a gaban dukan mutanen gari har ta fito. Da ya samu numfashi, abin da ya fara yi shi ne sake miƙa hannu cikin farantin. Nayif ya dawo gida ya shige ɗaki, ranar bai sake fitowa ba.

Daga nan ne muka koma wurin likitar, wannan karon da kunnuwanmu. Ta ce lokacin cin abinci ya zama ɗaya kullum, a ƙaramin faranti, a yanka komai ƙanana, ya zauna daidai kuma wani ya zauna tare da shi. Ta ce a kawar da abinci daga idonsa, in ta kama a sa kwaɗo. Ta ce kada a yi musu da shi, domin yunwar da yake ji gaskiya ce a wurinsa. Ta kuma ce duk wanda ke kusa da shi ya bi doka ɗaya. Kwaɗo a gidan Yaya, Abu Nayif! Gidan da Babanmu ya cire wa ɗakin baƙi ƙyaure don kada baƙo ya tsaya ƙwanƙwasawa. Tamam sai da ta shiga mota ta tafi har Karak ta sayo kwaɗon, don kada mai kantin ƙauye ya tambaye ta na mene ne. Ta ɗaura makullin a wuyanta ƙarƙashin riga, ta ce mini ji take kamar garwashi ta rataya.

Shi kuwa da ya ga an rufe firij, sai ya fara bin gidaje. Ya yi sallama cikin mutunci, ya zauna, ya ce matarsa ta hana shi abinci tun jiya. Kai ka faɗa mini, wane gida ne a ƙauyen nan zai mai da Abu Nayif da yunwa? Ummu Sa'ud har gida ta zo da tukunya, ta dire ta a gaban Tamam, ta ce in dai hidimar miji ta gundure ta, ta faɗa, maƙwabta ba su mutu ba. Ni ce na ɗauki mayafina na bi gida gida ina roƙon mutane kada su ba yayana abinci. Ka taɓa jin irin wannan bara? Wata ta ce mini, Ummu Rakan, ki roƙe ni ɗan kunnena in cire in ba ki, amma wannan kam Allah ya kiyaye. Wani tsoho ya ce likitocin birni ba su san cikin mutumin ƙauye ba. Kowa ya amsa mini da to, ina juya baya a ɗora shayi a fasa ƙwai.

A cikin gida mun ɗan koyi dabara da kanmu. Mun daina cewa ka ci yanzu, don wannan kalmar ita ke tayar da bala'i. Sai mu ce ana dafawa Yaya, taso mu duba tumaki kafin a sauke, kafin mu kai garke ya manta. Mun ɗaure cin abinci da salloli don ya samu abin da zai jira. In ya fara zagi, mai amsa masa ya fita, wani ya shigo da wata maganar. Wata rana a dace, wata rana kuma faranti ya tashi sama. Ni da ka sani da baki, na koyi haɗiye magana a tsufana.

Ana cikin haka aka aiko neman auren Anud, autarsa. Hazim ne, ɗan Abu Hazim na ƙauyen da ke hayin kwari, yaro mai hankali, kuma tana so. Aka sa ranar da tawagarsu za ta zo. Ba sai na tuna maka wane ne Yaya a wannan fage ba. Gida nawa ne a yankin nan da ba shi ya shige gaban mazansu ya nemo musu mata ba? Sau nawa aka miƙa masa finjali ya ajiye shi a ƙasa bai sha ba, ya miƙe ya yi magana har uban yarinya ya ce sha gahawarka, abin da ka zo nema ka samu? Kai da kanka kana bayansa ranar da ya nemo maka Ummu Lais, gumi yana zuba maka kamar wanda za a yanka. Tun Anud tana goye yake cewa ranar da za a zo nemanta sai ya bar gahawarsu ta huce tukuna, don su san ba a kan hanya ya tsince ta ba.

Nayif ya tara mu, shi da Baffa Salama da Tamam da ni. Ya ce ba zai iya ba. Ya ce a ajiye finjali cike a ƙasa a gaban Baba, me zai hana shi ɗauka ya shanye? In uban yarinya ya shanye gahawar baƙo kafin a yi magana, har jikoki sai an ba su labari. Ga farantan alawar kunafa da za a jera, ga harshensa da ba a san inda zai faɗa ba. Yana magana na gane har yanzu yana wurin makokin nan bai baro shi ba. Baffa ya ce shi zai tsaya a madadin uba. Tamam ta dube ni. Na ce a gwada zaunar da shi kusa da mutum mai ƙarfi. Nayif ya ce, Gwaggo, in ya ɓaci ke za ki fito cikin maza ki gyara? Anud kuwa babu wanda ya tambaye ta.

Ran nan da safe Rakan ya zo da mota ya ce wa kawunsa ya raka shi kasuwar tumaki mai nisa, wai shi bai iya zaɓen rago ba. Yaya ya ji daɗi ƙwarai, ya naɗa sabon rawaninsa, yana fita yana ce mini yaran yanzu sai karatu, ba su san haƙorin dabba ba. Motar tana ɓacewa aka kafa rumfa aka jera kujeru. Ayid, tawaga ta zo irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Motoci har bakin masallaci, dattawan hayin kwari kaf, kuma da yawansu saboda Yaya suka zo, don shi ya nemo musu matansu. Aka ce musu yana asibiti ana duba shi. Baffa ya miƙe da sandarsa ya yi magana guntuwa kamar mai sayar da akuya, ya ce a sha. Aka karanta Fatiha, muka yi guɗa. Anud tana bayan ƙofa tana kuka, mata suna cewa kunya ce. Kafin magariba an kwashe rumfa, an share fili, mun turara gidan don ƙanshin gahawa ya fita. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iska, ya ce wa ya soya gahawa da yawa haka? Tamam ta ce maƙwabta ne. Sai ya ce a ba shi abinci, mu kuma muka yi ajiyar zuciya, muna ganin mun tsira.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, sai ga Abu Hazim shi kaɗai, babu aike babu sanarwa, Nayif kuma ba ya gida. Ashe mutumin bai yarda da zancen asibiti ba. Kafin mu yi wata dabara har Yaya ya tarbe shi ya shigar da shi ɗakin baƙi. Na laɓe a bayan ƙofa. Sai na ga yayanka ya ɗauki butar gahawa da hagu, finjalai a dama, ya zuba na farko ya sha da kansa kamar yadda mai gida ke yi, ya zuba na biyu ya miƙa. Abu Hazim ya karɓa, ya sunkuya, ya ajiye shi a ƙasa. Na rufe idona. Da na buɗe, Yaya yana tsaye, bayansa ya miƙe irin yadda ban gani ba tun kafin tsanin nan. Ya ce, lafiya dai Abu Hazim, ko gahawarmu ba ta shawuwa? Abu Hazim ya ce ba zai sha ba sai an ba shi abin da ya zo nema, ya nema wa Hazim auren Anud kamar ba a taɓa nema ba.

Yaya bai ko dubi finjalin ba. Ya yi salati, ya ambaci kakan Abu Hazim da rijiyar da ya haƙa wa matafiya, ya ambaci zumuncin da ke tsakanin ƙauyukan nan biyu, kalma bayan kalma, babu wadda ta kauce. Sannan ya ce yarinya tana da baki, a ba shi izini. Ya shigo ciki ya same ta, ya dafa kanta ya ce, 'yar Baba, kina so ko in kore shi? Ta rungume shi. Ya ce to na ji. Ya koma, ya zauna, ya gyara rawani, ya bar mutumin nan yana jira har gahawar ta huce, kana ya ce sha gahawarka. Ba a bar baƙo ya tafi haka ba, dole Tamam ta cire makullin daga wuyanta ta dafa. Aka kai mansaf, na ce yau kam asirinmu ya gama tonuwa. Ayid, yayanka ya tsaya a kan farantin, yana kwarara romon nono a kan shinkafa, yana yagar nama yana turawa gaban baƙo, yana cewa ci Abu Hazim, gidanka ne. Ko loma ɗaya bai kai bakinsa ba. Mai gida ba ya ci tare da baƙonsa, kuma wannan ɗabi'ar bugun dutse bai taɓa ta ba.

Kada ka ɗauka warkewa nake ba ka labari. Baƙon yana fita ya afka wa sauran abincin, sai da muka janye farantin da ƙarfi, ya kira ni tsohuwar mayya. Amma mun ga abin da muka shekara ba mu gani ba. Mun yi ta ɗaukarsa majinyaci ana ciyar da shi, ko ɓarawo ana kulle masa, babu wanda ya tuna ya bar shi ya zama mai gida. Na sake bin gidajen nan, wannan karon na ce in kuna ƙaunarsa ku zo ku zama baƙinsa. Wannan kowa ya iya. Yanzu da hantsi dattawa sukan zo su zauna, shi yana tsaye da buta, hannayensa biyu a cike, ba ya daina zubawa sai mutum ya girgiza finjali. Yawon gidaje ya ragu, sukarin ya ɗan sauka, Ummu Sa'ud har ta zo ta sumbaci kan Tamam.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A daren ranar da Abu Hazim ya zo, bayan hayaniya ta lafa, Yaya ya kira ni. Yana zaune a bakin ɗakin baƙi, muryarsa a kwance. Ya ce, Wasfiyya, me na yi wa mutane? Ni da na shige gaban tawagar kowane gida, yau 'yata mutum ɗaya ya zo nema, babu rumfa, babu dattawa? Ita ce ba ta kai ba, ko ni ne? Ayid, me zan ce masa? In ce sun zo har bakin masallaci, mu ne muka sa ka a mota muka tura ka kallon raguna? Na ce wataƙila aiki ya yi musu yawa. Mutumin da ke manta ya ci abinci kafin hannunsa ya bushe, wannan bai manta ba. Kullum bayan la'asar sai ya wanke finjalai duka, har waɗanda muke ajiyewa don Salla, ya jera su, ya ce wataƙila sauran suna tafe a baya. Anud takan taya shi gogewa. Ni ba na iya tsayawa in kalla.

An sa biki bayan Babbar Salla. Nayif yana so a yi yadda aka yi wancan karon, a fita da shi lokacin cin abinci, kuma Baffa yana bayansa. Ban ga laifin yaron ba, shi ya riƙe ubansa a gaban jama'a, amma bai ga abin da na gani ta bayan ƙofa ba, in na faɗa sai ya ce sa'a ce ta rana ɗaya. Abu Hazim ya aiko cewa a shirye yake ya sake tara dattawansa su zo, in gidanmu ya yarda. Nayif ya ce za a yi mana dariya, wai an nemi yarinya sau biyu. Maganar mace ba ta wuce nan ba. Kai ƙanin ubansa ne, kai kaɗai ne za ka ce a yi, a yi. Ka nemi hutu ka zo kafin bikin, ka zaunar da Nayif, ka tsaya kusa da yayanka ranar da dattawan za su zo. Ban yi maka alkawarin ba zai kunyata mu ba, yana iya yi. Na dai auna kunyar da wannan jera finjalan, na san wadda zan iya ɗauka. Kuma don Allah kada ka zo da cakulan ɗin nan naka.

Ka gaishe mini da Ummu Lais, ka ce mata za'atar ɗin da hannuna na daka. Ka sumbaci Lais da Jumana da ƙaramin da ban taɓa ɗauka ba. Tamam tana gaishe ku, haka Nayif da Rakan da matarsa, Anud kuma ta ce kai take jira ka riƙe hannunta ranar fita zuwa gidan miji. Baffa Salama ya ce ka taho masa da man shafawa na gwiwa. Yayanka ya shigo ya same ni ina rubutu, ya tambayi wa nake rubuta wa, na ce kai. Ya ce in gaya maka ka taho da alkyabbarka mai kyau, kuma ka yi sauri, domin mutanen nan za su iya zuwa kowace rana, bai kamata su tarar da shi tsaye shi kaɗai ba.

Allah ya kawo ka lafiya. Wassalam.

Yayarka mai duban hanya,
Wasfiyya, Ummu Rakan